Kujerar teburin taswira a jirgin ruwa mai filafili: a bar ta ko a mai da wurin ma'ajiya?

Idan ka sauko daga wurin tuƙi zuwa cikin ƙaramin jirgin ruwa mai filafili, irin mai tsawon mita 9 zuwa 13 da ake yawo da shi a Bahar Rum, ko gaɓar Ingila da Faransa, ko tsibiran Karebiyan, abu biyu za ka tarar a gindin matakala: kicin a gefe guda, teburin taswira da 'yar kujerarsa a ɗaya gefen, galibi a hannun dama idan ka fuskanci goshin jirgi. A da wannan lungu shi ne ƙwaƙwalwar jirgi. Nan mai duba hanya yake shimfiɗa taswirar takarda, ya ja layi da fensir, ya lissafa gudu da lokaci da ƙarfin ruwa har ya gano inda suke.

Zamani ya juya. Tun watan Mayun 2000, da Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula, na'ura take nuna wa mutum inda yake da kuskuren 'yan mitoci kawai. Allon taswira ya koma gaban sitiyari, wani ma a wayarsa yake duba hanya. Hukumar NOAA, mai buga taswirorin teku a Amurka, ta gama janye tsoffin taswirorinta na takarda a ƙarshen 2024. Ofishin taswirar teku na Birtaniya ya sanar a 2022 cewa zai daina buga nasa a ƙarshen 2026, daga baya ya ɗage zuwa aƙalla 2030 bayan masu jirage sun koka. Shi ya sa mai jirgi yake kallon kujerar nan, ya kalli kayan da suka rasa wurin zama, ya fara tunanin zarto.

Ra'ayinmu a fili yake. Jirgin da ke kwana a teku, ko da sau biyu ne a shekara, kada a cire masa kujerar. A kwashi ma'ajiya daga ƙarƙashinta da kewayenta, akwai wuri a can fiye da yadda ake zato. Jirgin da ba ya wuce yawon yini daga wannan tasha zuwa waccan, shi ana iya mai da wurin ma'ajiya, amma a yi aikin yadda za a iya kwance shi a rana guda.

Abin da kujerar take yi wanda ba taswira ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna amfanin kujerar jirgi yana ɗaure a tasha, komai a tsaye cak. A can kam ba ta da wani amfani da benci bai yi ba. A teku labari ya sha bamban. Jirgi mai filafili idan yana tafiya kusa da bakin iska yakan karkata digiri 15 zuwa 25, ga tsalle a kan igiyar ruwa. A wannan hali duk wanda ke tsaye a ciki hannunsa ɗaya na riƙo ne, saura ɗaya na aiki. Kujerar teburin taswira ce kaɗai wurin da mutum zai cusa kansa, gwiwa ta tokare ƙarƙashin tebur, kafaɗa ta jingina da jikin jirgi, hannuwa biyu su sami 'yanci.

Dubi abin da ake yi da hannuwan nan biyu. Rediyon VHF, wanda ake magana da tashoshi da sauran jirage da shi, a nan yake rataye, kuma mai kiran neman agaji a tasha ta 16 yana bukatar makirufo a hannu guda, fensir a ɗayan, don ya karanta lambobin inda yake ya kuma rubuta abin da aka ce masa. Littafin tafiya, wanda ake rubuta wuri da alƙibla da ma'aunin iska duk awa ɗaya ko biyu, a nan ake cika shi, kuma shi ne abin komawa ranar da lantarki ya ɗauke. Allon makunnai da ma'aunin batir suna nan. Mai gadin dare idan ya sauko ya duba jiragen da AIS, na'urar da ke nuna jiragen da ke kusa, ke nunawa, nan zai zauna da jiƙaƙƙiyar rigarsa, taku ɗaya daga matakala, ba tare da ya tashi na barci ko ya jiƙa musu shimfiɗa ba. A mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa, inda cikowa da janyewar teku a wuri irin su San Malo ke kai wa mita 12, lissafin lokacin shiga tasha aiki ne na littafi da takarda, kuma ba a yinsa da kyau a tsugune ana jiri.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Mai tashin zuciya idan dole ta sa ya sauka ciki, wurin da zai fi jurewa shi ne kusa da matakala, inda iska ke shigowa kuma motsin jirgi bai kai na goshi ba.

Mataki na farko: gwada kafin ka taɓa komai

Ka ba kanka kaka guda ta tafiya, ko aƙalla fita biyar, biyu daga ciki a iska mai ɗan ƙarfi. Liƙa takarda a jikin bango kusa da teburin, duk wanda ya zauna ya ja layi ya rubuta abin da ya zaunar da shi. Bayan haka ka juya gwajin: cika wurin kujerar da na ƙafa da kwalaye, ka ɗaure su da kyau, ka hana kowa zama. Yi fita biyu a haka. Kira wata tasha a rediyo jirgi yana karkace, rubuta littafin tafiya, nemi makunnin fitilar hanya a cikin duhu. Abin da ya gagare ka a wannan gwaji shi zai gagare ka bayan ka kashe kuɗin katako.

Ka kula da irin kujerar da kake da ita, don ba duka ne suka cancanci a kare su ba. Mai fuskantar goshi, mai bango a gefe guda da wurin tokare ƙafa, ita ce ta ƙwarai. Idan tana hannun dama, iska kuma ta zo daga dama, jirgi zai kwanta hagu ya nemi zubo ka tsakar ɗaki, don haka ake yin mazauninta da ɗan kwarmi, ko a sa ɗamara mai ƙugiya a gefen da ke buɗe. Mai fuskantar baya ita ma tana aiki. Amma wadda ke fuskantar jikin jirgi, musamman irin stul mai juyawa a kan sanda, a karkata guda tana kifa ka kan tebur, a ɗayar tana jefa ka ta baya. Haka wadda bakin gado ne kawai aka ce a zauna, ba majingina. Irin waɗannan biyu idan an sadaukar da su ba a yi babbar asara ba.

Mataki na biyu: buɗe ka ga abin da ke ɓoye

A nan ne aikin yake tsayawa ga mutane da yawa, kuma gara ya tsaya a nan da ya tsaya bayan an yanka. Ɗaga kushin, cire murfin mazaunin, kwance duk allon da ke da sukuru, ka haska tocila. Ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Kamfanonin da ke ƙera jirage da yawa suna son wannan lungu don yana tsakiyar jirgi, a ƙasa, kusa da inji, saboda haka sukan tara abubuwa a ciki.

Batura su ne na farko. Batirin dalma mai amfiya-awa 100 yana kai kilo 25 zuwa 30, kuma mai ruwa a ciki yana fitar da iskar haidurojin idan ana cajinsa, dole ya sami hanyar shan iska zuwa sama. Kada ka rufe shi a akwati marar kafa, kada kuma ka jera gwangwanaye ko sufanu inda za su iya faɗawa kan kawunansa biyu. Ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jirage a Amurka, ta ce fis ya zauna bai fi inci 7 daga kan batir ba, kusan santimita 18 ke nan. Idan fis ɗin yana nan, sai ka iya kai hannu gare shi ba tare da ka kwashe kaya ba.

Na biyu shi ne duk wata huda da ta ratsa jikin jirgi zuwa teku: bawul ɗin da ke shigo da ruwa ko fitar da shi, da na'urar auna zurfi ko gudu. Wannan ba abin sasantawa ba ne. Tiyo idan ya fashe da dare, kana da 'yan mintuna ka kai hannu ka rufe bawul, kuma mutum ba ya kwance sukuru takwas ruwa yana taɓa masa idon sawu. Duk ma'ajiyar da za ta zauna a kan bawul, gindinta ya zama murfi mai ɗagawa da yatsa ɗaya, kayan da ke kai kuma su zama a jaka ɗaya da za a fizge gaba ɗaya.

Na uku ƙaramin abu ne mai kamar gwangwanin madara, baƙi ko toka-toka, da waya ɗaya tana fita daga jikinsa. Kamfas ɗin lantarki ne na na'urar tuƙi mai sarrafa kanta. Ana yawan maƙala shi a nan don motsi bai da yawa. Ƙarfe mai jan maganaɗisu yana ruɗa shi, shi ya sa ake so a nisanta masa irin wannan ƙarfe kamar mita ɗaya. Wanda ya cika wurin da gwangwanayen wake da akwatin guduma zai ga jirginsa yana kauce wa alƙibla da digiri da yawa, ya yi ta zargin na'ura, alhali abincinsa ne ya ja ta. Ko dai ka mai da kamfas ɗin wani wuri ka sake daidaita shi ta hanyar zagayen da littafin na'urar ya bayyana, ko ka ware lungun don kayan da ba ƙarfe ba.

Sai tarin wayoyin da ke bi ta bayan allon makunnai, da tiyon famfon kwashe ruwa, wani lokaci da bututun iska mai ɗumi na hita. Kada a matse su, kada a rufe su ruf.

Abu na ƙarshe da za ka tantance shi ne ko katakon da kake son cirewa yana riƙe da jikin jirgi. Duba inda ya haɗu da faiba, wato abin da aka zuba jikin jirgin da shi. Idan sukuru ne kawai ya kama shi a jikin wani ɗan katako, kayan ɗaki ne, cire abinka. Idan kuwa an liƙe gefensa da jikin jirgi da zanen faiba mai faɗin tafin hannu, yana daga cikin abin da ke hana jikin lanƙwasa, musamman idan yana kusa da inda wayoyin da ke riƙe da doguwar sandar filafili suke sauka. Wannan kada ka yanka sai mai duba lafiyar jirage ya gani da idonsa. A wasu jiragen ma gindin kujerar ɓangare ne na babban kwanon faiba da aka zuba wa cikin jirgin gaba ɗaya, yanka shi ba ya komawa.

Mataki na uku: lissafa ribar da gaske

Ido yana ruɗin mutum a nan. Ɗauki misalin kujera mai faɗin santimita 50, zurfi 45, tsayi 42. A takarda lita 94 ke ƙarƙashinta, amma jikin jirgi a lanƙwashe yake, yana cinye kusurwar waje, sai ka tashi da lita 55 zuwa 65. Wannan wuri naka ne tun yanzu, ko ka cire kujera ko ba ka cire ba. Abin da cirewar za ta ƙara maka shi ne wurin ƙafa da sararin da ke saman mazauni. Wurin ƙafa mai 55 da 50 da 65 kusan lita 180 ne a takarda. Cire kaurin katako da layin durowa da ratar da za ka bar wa wayoyi, abin da zai rage bai fi lita 120 ba, jaka biyu ke nan ta tafiya. Saman mazauni, idan ka ja kabad har rufi, zai ba ka fiye da haka, amma shi ne wuri mafi muni ga kaya masu nauyi, kuma yana toshe haske da iskar da ke ratsawa zuwa gadon baya.

Auna naka da tef da kwali, kada ka dogara da waɗannan lambobi. Sannan ka tambayi kanka abin da za ka zuba. Idan amsar ita ce tarkacen da ke kan teburin yanzu, matsalarka tsari ce, kabad ba zai warware ta ba.

Gwada nauyi ma. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka uku masu lita 20 kilo 60 ne. Ajiye su a wurin, ka fita kan gada ka kalli jirgin ta baya. Idan da ma tankin mai ko batura suna wannan gefe, za ka iya ganin ya ɗan kwanta. Mai nauyi ƙasa, kusa da tsakiya. Mai sauƙi sama.

Hanyar tsakiya, wadda ta fi dacewa da yawancin jirage

Kafin a kai ga rushewa, akwai ayyuka ƙanana da ke biyan kuɗin sabulu. Murfin mazauni a yawancin jirage sai an cire kushin an ɗaga allo kafin a kai ga abin da ke ƙasa, shi ya sa wurin yake zama kabarin kaya. Sa masa dogon hinji a gefen baya, ka liƙa kushin a jikin murfin da maɗauri mai ƙaya, ka sa sakata a gaba. Ko kuma ka yanka ƙofa a fuskar da ke kallon tsakar ɗaki, ka sa durowa mai zurfi. Wuri ne mai kyau ga kayan gyara da ake nema kullum, idan babu kamfas a kusa.

Cikin teburin kansa yana da zurfin santimita 5 zuwa 10. Raba shi da siraran katako: gefe guda na taswirori a ninke, ɗaya na fensir da tocila da takardun jirgi a jakar roba. Ka bar saman teburin da faɗin da zai ɗauki takardar A2, wato santimita 42 da 59.4, don ƙananan taswirorin masu yawon shaƙatawa da yawa a wannan girma ake buga su. Majingina idan akwai rata a bayanta, tana zama ƙofar siririn kabad na littattafai. Gefen waje na wurin ƙafa, inda jiki ya lanƙwashe ƙafa ba ta kaiwa, raga mai roba a baki za ta riƙe jakar gaggawa, wadda dama wurinta kusa da matakala ne.

Wata dabarar ita ce akwati mai fita. A ƙera shi daidai wurin ƙafa, da maɗauka biyu, ya zauna a kan ƙananan katakai ya kuma kulle da sakata biyu. A tasha ko a yawon yini yana nan cike da kaya. Ranar doguwar tafiya, irin ta masu tsallaka Atlantika daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa Sent Lusiya a Karebiyan, mil 2,700 na teku, a ciro shi a ɗaure a ɗakin baya, kujera ta dawo bakin aikinta.

Idan ka yanke shawarar cirewa gaba ɗaya

Fara da nema wa aikin kujerar sabon gida. Rediyo ya sami makirufo na biyu a wurin tuƙi. Saman teburin ya zauna a matsayin wurin aiki a tsaye, a ɗaga shi zuwa santimita 90 ko 95, a sa maɗamfara mai ƙarfi a bakinsa da ɗamarar da za ta zagaye ƙugu, irin ta mai girki a teku. Allon makunnai ya ci gaba da buɗewa gaba ɗaya. Idan ɗaya daga cikin ukun nan bai samu ba, a dakata.

Kashe babban makunnin batir, cire wayar baƙin kan batir, wato nagatif, cire wayar lantarkin tasha. Liƙa wa kowace waya suna kafin ka kwance ta. Kwance kujerar da sukurdireba, ba da zarto ba. Kawunan sukuru sukan ɓuya a ƙarƙashin 'yan toshe na katako, huda tsakiyarsu da siririn ƙarfe ka ɓalle su. Lambata kowane allo a bayansa, zuba sukurorinsa a leda, ka kai su gida ka ajiye a busasshen wuri. Mai saye na gaba yana iya zama mai son kujerarsa, kuma jirgin da aka yi wa gyaran da ba ya komawa yakan yi wuyar sayarwa.

Yi samfur da kwali tukuna. A jirgi babu kusurwa madaidaiciya. Riƙe kwalin a tsaye, ɗora fensir a kan ɗan guntun katako, ka bi lanƙwasar jikin jirgi da shi, layin zai fito a kwalin. Yanka, gwada, gyara, har ya zauna. Kada ka amince da ma'aunin ruwa na magina, don jirgi a ruwa ba ya tsayawa daidai. Ɗauki layinka daga daɓen ɗaki da bangon da ke kusa.

Katakon da za ka saya filawud ne na ruwa, mai lambar BS 1088, wanda galibi da itacen okume na ƙasar Gabon ake yinsa, ga sauƙin nauyi. Milimita 12 ga bango da gindi, 9 ga shiryayye da gefen durowa, 6 ga rabe-raben ciki. Falle ɗaya mai santimita 244 da 122 na milimita 12, da rabin falle na 9, sukan isa kabad irin wannan. Kauce wa katakon da aka matse daga garin katako, danshin wata ɗaya ya isa ya kumbura shi. Sukuru na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316, wanda ake kuma rubuta wa A4. Katakan tallafi masu kaurin milimita 20 da 20 daga itace mai tauri.

Doka ɗaya da ba a karya ta: sukuru ba ya shiga jikin jirgi. Kaurinsa a wurare da yawa bai kai santimita ɗaya da rabi ba, wani kuma akwai itacen balsa a tsakiyarsa wanda ruwa ke ruɓarwa. Inda tallafi zai zauna a jiki, goge wurin da samfefa mai lamba 80 har sheƙi ya tafi, share da asiton, ruwan da ke cire maiƙo, sannan ka liƙa katakon da gam ɗin ifoksi mai kauri ko gam na jirgi irin Sikaflex, ka tokare shi ya kwana. A jikin wannan tallafi za ka ɗaura allunanka da sukuru. Bar ratar milimita 5 zuwa 10 tsakanin bakin allo da jikin jirgi. Jikin faiba yana ɗan motsi a teku, kuma kaifin allo idan ya tokare shi yakan bar tsaga a fenti daga waje, ban da ƙarar da za ta hana kowa barci.

Kafin ka haɗa, shafe kowane allo da ifoksi, baki sau uku, fuska sau biyu, don ta baki filawud yake shan ruwa. A sanyin da bai kai digiri 10 ba ifoksi ba ya kamawa da kyau, jira rana mai ɗumi. Daga baya ka sa banish ko fenti a fuskar da ake gani, fari a ciki don a riƙa ganin kaya.

Bar wa ruwa hanya. Duk jirgi yana da ƙananan kafofi a gindin bangayensa da ke kai ruwa can ƙasa inda famfo yake tsotsa. Kada sabon katako ya toshe su. Ɗaga gindin kabad ɗin sama da jiki da santimita biyu ko uku, ka huda masa kafar milimita 12 a kusurwar da ta fi ƙasa. Iska ma haka: kafofi masu faɗin milimita 25, jere ɗaya a ƙasan ƙofa, jere ɗaya a sama. Jikin jirgi yana gumi idan ruwan waje ya fi cikin ɗaki sanyi, kuma kabad marar kafa cikin mako kaɗan zai fara warin fumfuna. Siraran katakai a jere a jikin faiba suna hana kaya jingina da wannan gumi.

Durowa ta buɗe zuwa goshi ko zuwa baya idan wuri ya yarda. Wadda ke buɗewa zuwa tsakar ɗaki, duk lokacin da gefenta ya koma sama nauyin kayan gaba ɗaya yana kan sakata. Maganaɗisu da 'yan maƙalai irin na kabad ɗin gida ba sa riƙewa. Sa sakata mai dannawa wadda ke kullewa da gaske, ko tsohuwar dabarar masu ƙera jirage, durowa mai tsaga a gindi wadda sai an ɗaga ta kafin ta ja. Sa mata kuma abin tsayarwa don kada ta fito gaba ɗaya ta sauka a ƙafar mutum. Kowace shiryayye ta sami baki mai tsayin santimita 6 zuwa 8.

Kada wannan ya zame maka ƙaramin abu. A gasar tseren jiragen filafili ta Fastnet ta watan Agustan 1979, jirage 303 suka tashi, guguwa ta same su, 'yan gasa 15 suka rasu, kuma a jirage da dama da igiyar ruwa ta kwantar ko ta kifar, batura da murhu da kayan da ba a ɗaure ba sun yi ta shawagi a ɗaki suna raunata mutane. Ƙa'idojin tseren nesa na World Sailing, hukumar wasan jiragen filafili ta duniya, har yau suna wajabta a ɗaure duk kaya masu nauyi. Ma'aunin da za ka yi wa kabad ɗinka shi ne: idan jirgi ya kwanta har sandarsa ta taɓa ruwa, me zai fito?

Firji, ko wurin rataye jiƙaƙƙun riguna

Abu biyu ne aka fi mai da wurin. Firji mai durowa yana shiga wurin ƙafa da kyau, amma injinsa yana jan amfiya 3 zuwa 5 a lantarkin bolt 12 idan yana aiki, a yini yana iya cin amfiya-awa 30 zuwa 50 gwargwadon zafin gari. Lissafa batirinka kafin ka saya. Ba shi kafar shan iska a ƙasa da ta fitar da zafi a sama, in ba haka ba zai yi ta aiki ba hutu. Ja masa waya mai kauri, ta jan ƙarfe mai silli da yawa, da fis nasa, a ɗaure ta duk santimita 45. Siririyar waya tana rage ƙarfin wuta, injin ya riƙa yunƙurin tashi yana mutuwa alhali batir a cike yake.

Wurin rataye rigunan ruwa shi ne canjin da ya fi ma'ana a ƙasashe masu sanyi, don yana gindin matakala, ruwa ba ya bin mutum cikin ɗaki. Yana bukatar tsayin mita ɗaya aƙalla, ciki a shafe da fenti mai hana ruwa, gindi mai gangara da tiyo zuwa ƙasan jirgi, ƙofa ta raga ko labule. Sai dai ruwan gishiri da allon makunnai ba sa zama inuwa ɗaya. Sa bango cikakke a tsakaninsu, ka toshe duk kafar da waya ta bi.

Bayan an gama, mai da wayoyi, kunna kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya, cika kabad ɗin da ainihin kayan da zai riƙa ɗauka, ka fita a iska mai ɗan ƙarfi. Karkata jirgin dama, karkata shi hagu, wani ya zauna a ciki yana saurare yana kallon ƙofofi. Kwatanta abin da kamfas ɗin lantarki ke nunawa da na gaban sitiyari a alƙibla huɗu. Sannan ka sa wanda bai san aikin ba ya nemo bawul ɗin da ke ƙarƙashi ya rufe shi, fitilu a kashe, kana duba agogo. Idan ya wuce rabin minti, sake fasalin murfin kafin fita ta gaba. Idan ka taɓa batura ko bangon da ke riƙe da jiki, sanar da kamfanin inshorarka a rubuce, ka haɗa da hotunan da ka ɗauka tun ranar da ka buɗe wurin.